Barira da Malam Rumbu

Ku da kuka san Barira, kun san ba a kawo mata labari a wuce lafiya. Ka ce mata, "Madam, an ce bana damina za ta yi kyau," sai ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dube ka ta samansu, ta ce, "Wa ya faɗa?" Ka ce mutane. Ta ce, "Mutane ba suna ba ne. Wane ne, ɗan wa, a ina ya faɗa, wace shekara?" Ni Tsahara, da muka yi lakol, wato makarantar boko, tare tun muna ƴan mata a Gazawa, muka kuma tsufa katanga ɗaya a Agye, ita tana aikin itatuwa ni ina karɓar haihuwa a likita, wato asibiti, ko ni ban tsira ba. Ranar da na leƙa ta kan katanga na ce mata an haifi jikanta namiji, wallahi sai da ta ce, "Wa ya faɗa?" Na ce, "Ni da na yanke cibi da hannuna!" Ta ce, "Tsahara, Agye, bana. An karɓa." Sannan ta saki guɗa.

Ɗanta Nura ne ya ce in faɗi wani abu yau tunda an shafa addu'a. To ku gyara zama, ni ban iya gajarta Barira ba.

Ga waɗanda suka zo daga nesa, Barira malamar gona ce a wani furoje, wato shirin tallafi, da ke yawo ƙauyuka kan sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon itace ya girma cikin gona maimakon ya sare ya ƙone. Ita cewa take ba koyarwa take zuwa yi ba, sauraro ne. A shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce za su mayar wa farar hula, furojen ya zo ƙarshe, aka ɗora mata rubuta babban rahoto. Kowa ya san rahoto daga gaba ake fara shi. Barira daga baya ta fara. Abin da ya dame ta shi ne shafukan ƙarshe, inda ake jera sunayen duk waɗanda aka ɗauko magana daga gare su, abin da masu boko ke kira manazarta.

Ta je wani horo Yamai, ta dawo da kwamfuta a cikin jaka da wani haske a ido. Ta kira ni ta kan katanga.

"Ke Tsahara, zo ki ga ikon Allah."

Na zagaya. Ta ce wai wasu mutane da ba ta taɓa gani ba, a ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, sun tara umarnin kwamfuta iri-iri wuri ɗaya, suka bar wa duniya kyauta. Kai dai ka rubuta ƴan layuka ka kira tarin nan, ka ba shi sunan mai magana, sunan littafi, gari da shekara, shi kuma ya jera maka su tsaf, waƙafi inda waƙafi yake, aya inda aya take, na farko a sama na ƙarshe a ƙasa. Da Faransanci, in ji ta, sunansa ɗaya da ɗakin karatu. Ita ta ce sam, abin da wasu suka tara wasu ke ɗiba ai rumbu ne. Daga ranar ya zama Malam Rumbu. Da safe in ta buɗe kwamfutar sai ta ce, "Malam, an tashi lafiya?" In ya yi aiki daidai ta ce, "Madalla da Malam." In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ta lulluɓe shi da tsohon zanenta, wai kada kaji su raina shi.

Da azahar takan kai tabarma gindin gawon tsakar gidanta, ta kishingiɗa, ta zuba wa sama ido. Ta ce mani, "Kin san ina ganin mai wannan aiki? Wani tsoho ne mai haƙuri, a garin da ƙanƙara ke zuba. Yana zaune bakin taga da kofin shayi, yana tunanin inda waƙafi zai kwanta ya ji daɗi." Na ce, "Wataƙila yaro ne mai gajeren wando." Ta ce, "A'a, tsoho ne. Yaro ba ya tausayin waƙafi."

Rigimarsu ta farko a kan Buba Mai Shanu ce. Buba wani Bafillace ne na wajen Gidan Sori, shi ya bayyana mata yadda ƴaƴan gawo ke riƙe saniya a cikin rani, da yadda takin da shanu suka bari a inuwarsa ke tayar da hatsi. Ta saka sunansa. Malam Rumbu kuwa, da aka saba mashi da sunayen Turawa, kalmar ƙarshe yake ɗauka a matsayin sunan gida, sauran ya gutsure su. Sai ga takarda ta fito: "Shanu, B. M."

Na ji ihu ta katanga, na ɗauka kunama ce.

"Tsahara! Ya mai da bawan Allah saniya!"

Na ce, "To ki gyara mana, wa ya gani?"

Ta ce, "Ni na gani. Malam ma ya gani."

Gyaran bai ɗauke ta komai ba. Ashe in ka sa suna cikin baka biyu, wato alamomin rubutun nan masu lanƙwasa, Malam Rumbu ba ya taɓa shi, kamar an yi mashi dabaibayi. Amma Barira ta ce an ci mutuncin mutum a bayan idonsa, sai an je an ba shi haƙuri a gabansa. Daga Agye fa zuwa Gidan Sori! Ni kuma da ba ni da wayo na raka ta. Muka shiga mota zuwa Maraɗi, muka sake wata, muka hau moto, wato babur, daga ƙarshe amalanken shanu ya ƙarasa da mu, ƙuguna kamar ba nawa ba. Muka tarar da Buba a bakin rijiya. Aka gaisa, aka kawo nono, Barira ta fito da takardar ta karanta mashi, ta bayyana laifin da aka yi.

Buba ya saurara, ya shafa gemu, ya dubi garkensa. Ya ce da Hausarsa mai laushi, "Madam, wannan malami naki yana da basira. Ai ni ma su suka gaya mani."

Muka kamo hanyar gida da Barira. Sai da muka kusa Cadawa ta juyo ta ce, "Anya Tsahara, ba mu yi wa shanun nan zalunci ba da muka cire su?" Na ce in ta ƙara magana zan sauka in tafi a ƙasa.

Ta biyu ta fi wannan. A wani ƙauye gabas da Gazawa akwai mata biyar da suka fara barin toho a gamaninsu, wato ƙananan gonakinsu, tun kafin a san wani furoje. Barira ta saka su duka a layi ɗaya. Malam Rumbu, bisa al'adarsa, in sunaye suka yi yawa sai ya rubuta na farko ya ce "da sauransu". Kai, ranar ya sha faɗa! "Malam, ka ji kunya. Ƙasa duka ana shelar kowa da ƙuri'arsa, kai kana cewa da sauransu? Wace ce sauransu? Uwar wa?" Ta tono cikin umarninsa, ta samo inda aka ƙayyade yawan sunaye, ta buɗe mashi ƙofa. Sunaye biyar suka fito reras, bisa jerin haruffa.

Ta ɗauki takarda ta kai wa matan, ni ina biye don ranar ina da aikin awon ciki a ƙauyen. Ta karanta: A'i a farko, Zabba a ƙarshe. A'i ita ce ƙaramarsu, Zabba kuwa tsohuwa ce mai sanda. Zabba ta ce, "Ɗiyata, sake karantawa." Aka sake. Ta ce, "Wannan A'i da na ga ranar sunanta, ita ce a gabana? A takardar da za ta je Yamai?" A'i ta rufe fuska da gyale ta ce ita a cire ta ma gaba ɗaya.

Barira ta ce an yi kuskure, za a jera bisa shekaru. To ga matsala: ba mai takardar haihuwa. Ni da na saba mata su rage mani shekaru a likita, ranar na ga abin mamaki, kowa ƙari take. Barira ta ce a bar lissafi, a bi goyo. Wadda ta goyi wata ita ce gaba. Nan take ta buɗe kwamfuta a kan turmi, ta rubuta wa Malam Rumbu sabuwar ƙa'ida. Uku suka daidaita ba gardama. Saura Zabba da wata tsohuwa Tambai.

Zabba ta ce, "Ni na goye ta."

Tambai ta ce, "Ƙarya haram, ni na goye ki. Har kin yi mani fitsari a baya."

Barira, da ba ta ƙaryata tsoho, ta rubuta duka biyun: Zabba ta goyi Tambai, Tambai ta goyi Zabba. Ta danna. Malam Rumbu ya shiga neman wadda zai sa a gaba. Ya je wajen wannan aka tura shi wajen waccan, ya je wajen waccan aka maido shi. Kwamfuta ta ɗau zafi, fankar cikinta na huci, muna zaune muna kallo, har batir ya ƙare fuska ta yi baƙi. Barira ta dafa ta ta ce, "Kun ga, kun sumar da Malam."

Tsofaffin suka fashe da dariya har da hawaye. Cikin dariyar ne Tambai ta tsaya, ta dubi nesa, ta ce, "Zabba, ba Yaya Dije ce ke goyonmu duka ba? Ni a baya, ke a kafaɗa?" Zabba ta dafa sandarta. Can ta ce, "Ita ce. Kuma ita ta fara hana a ƙone kututture, shekarar da fara ta cinye gero. Mu koyi muka yi." Dije ta daɗe a ƙasa. Aka yarda a sa ta a gaba, su biyun su bi bayanta yadda suka ga dama. A wurin shekara Barira ta rubuta "shekarar fara". Malam Rumbu ya yi ƙorafi wai lamba yake so, ta yi mashi dabaibayi da baka biyu, ya haƙura.

Sai maganar tsimi. Barira ba ta taɓa sayen farar takarda don gwaji ba. Lokacin yaƙin zaɓe ne, kowane bango da hoton ɗan takara, ita kuma ta gano bayan hotunan fari ne tas. In iska ta kaɓo su sai ta tsince, ta yanka daidai, ta buga manazartarta a kai. Kuma ba ta nuna bambanci, kowace jam'iyya tana ɗibar nata daidai wa daida, wai kada a ce Malam Rumbu ya shiga siyasa. Ka juya shafin Dije ka ga wani mai babbar riga yana maka murmushi.

Ranar kasuwar Cadawa muka je sayen wake, muka tarar da wani matashin ɗan takara a kan mota da lasifika. Yana cewa, "Jama'a, bincike ya nuna tabkin bayan gari da can ba ya ƙafewa, sai da aka sare itatuwa!" Na riƙe gyalen Barira, na ce, "Don girman Allah ki bari." Ina! Hannu ya riga ya tashi.

"Ɗana, wane bincike? Wa ya faɗa?"

Yaron ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi taya. Ya share zufa. Can ya sauke lasifikar, amma ya manta bai kashe ta ba, kasuwa duka ta ji ya ce, "Hajiya, gaskiya kakata ce ta faɗa mani."

Mutane suka kwashe da dariya. Barira kuwa fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. "Alhamdulillahi! Sunanta? Tana da rai? A wace unguwa?" Kafin mako ya zagayo ta koma Cadawa ta wuni da tsohuwar, ta dawo da labarin tabki da kifinsa da agwagin ruwansa, ta ba Malam Rumbu. Ranar zaɓe na tambaye ta wa ta yi wa. Ta ce, "Kakar. Na duba takardar ban ga hotonta ba, sai na dangwala wa jikan."

To amma ba duka ne dariya ba. Da rahoto ya kammala, daraktan furojen ya zo daga Yamai. Mutumin kirki ne, ba na ɓata shi, amma yana tsoron masu ba da tallafi. Ya duba shafukan ƙarshe ya ga Buba Mai Shanu a tsakanin manyan masana, ya ga Dije da shekarar fara. Ya ce, "Madam Barira, wannan wuri na waɗanda suka rubuta littafi ne. Ki cire mutanen ƙauye. A gaba sai mu ce muna godiya ga al'umma." Ya kuma nuna mata cewa akwai sabon furoje na tafe bayan zaɓe, kuma ana duba masu sauƙin kai. Lokacin mai gidanta, Mushe Idi, wato Malam Idi da Faransanci, yana kwance ba lafiya, albashinta ne ke riƙe da gida. Na ce mata, "Ke Barira, ki cire. Dije ba ta karatu, a kabari ma take." Ta ce, "Zan cire."

Kuma ta cire, ba ta yi ha'inci ba. Ta goge sunayen daga jerin, ta danna, ta buga. Abin da darakta bai sani ba, Malam Rumbu yana da wata ɗabi'a. Duk inda aka kawo magana a cikin rahoto ya nemi mai ita a jerin bai samu ba, sai ya dasa alamar tambaya a wurin. Rahoto ya fito, kowane shafi cike da su kamar an watsa ƙugiyoyi. Gawo na ƙara wa hatsi ƙarfi, alamar tambaya. Tabki da can ba ya ƙafewa, alamar tambaya. Mata ne suka fara barin toho, alamar tambaya.

Darakta ya kira ta buro, wato ofis. "Madam, mi ye wannan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi abin da ka ce. Malam ne bai gamsu ba."

"To ki hana shi!"

"Zan iya. Amma sai dai in cire maganganun su ma. In na cire su, abin da zai rage bai fi bango da godiya ba."

Wani da ke wurin ya ce mani darakta ya daɗe yana juya shafuka, sannan ya yi wata gajeriyar dariya ya ce a mayar da sunayen. Aka buga rahoto da su duka. Barira ta ɗauki nata kwafi ta bi ƙauyuka tana karanta wa kowa layinsa. Zabba ta sa aka ɗora mata yatsa a kan sunan Dije, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Sabon furoje ya zo, ba a kira Barira ba. Ta ce ko a jikinta, dama ta gaji da hawan moto. Amma ni katanga ɗaya muke. Na ga yadda take fitowa da safe da shirin buro, ta tsaya a zaure, ta koma ta cire takalmi. Ta shiga sayar da dashen itace a ƙofar gida, ta yi jinyar Mushe Idi har Allah ya karɓi abinsa, ba ta taɓa cewa da na sani ba, a gabana dai.

Da nata ciwon ya zo, ta rame, magana ta ragu. Wata rana da hantsi na kai mata kunu, na tarar ta farka tana murmushi ita kaɗai. Ta ce, "Zauna, na yi mafarki. Wai mun tashi daga Gazawa a ƙasa za mu Gidan Rumji, ni da ke. Rana tsaka, amma ba ta taɓa mu ba ko sau ɗaya. Inuwa ce ke miƙa mu ga inuwa. Gawo ya ba kalgo, kalgo ya ba aduwa, aduwa ta ba tsamiya. Ƙasa da sanyi, kurciya na kuka, ga ƙanshin hatsi ya fara bunni. Ban ji ƙafata ba sam."

Na ce, "Ni fa, mi nake yi?"

Ta ce, "Ke kina baya kina mita, wai takalmi ya matse ki."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na ɗaga ta ta sha kunun, cokali kaɗan, ta ce ya yi tsami, ta koma ta kwanta tana kallon ganyen gawonta. Bayan kwanaki kaɗan ta tafi, da rana, cikin sauƙi.

Allah ya jiƙan Barira, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Ya Allah, ka sa ta a inuwarka ranar da babu wata inuwa. Mu kuma da muke baya muna mita, in tamu ta zo, ka sa mu tarar da ita. Amin.